Aljanin Da Aka Cire Mini a Muchia

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na tafi binciken saurayin ƙanwata, na dawo gida babu hula, riga jiƙe sharkaf da ruwan leda, kunnena na dama yana ta ƙugi saboda tofi. Har yau in abin ya faɗo mini a rai, ko a tsakiyar cin abinci ne, sai na ajiye cokali na rufe fuska.

Bari in fara gabatar da kaina, don a san daga irin tsayin da na faɗo. Ina da shagon buga takardu da kwafi a Samaru, bakin titi, ɗaliban jami'a ne abokan cinikina. Ina da gemu daidai misali, wandona bai taɓa share ƙasa ba, kuma da wuya a tayar da salla a masallacin layinmu ba na sahun gaba. Saboda haka kowa Ustaz yake ce mini. Ni ban ce a kira ni haka ba, amma gaskiya ban taɓa hana kowa ba, har wani daɗi nake ji a ƙasan raina.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, Ustaz ɗin nan yana mutuwar son kiɗan rok. Ga wanda bai san shi ba, wani kiɗan Turawa ne mai jita da ke kururuwa kamar injin markaɗe ya haɗiye dutse, da ganguna masu dukan ƙirji. Ba a taka masa rawa da ƙafa irin ta mutane, da kai ake yi: ka sunkuya, ka riƙa wurga kanka sama da ƙasa da iya ƙarfinka. Tun ina sakandare na kamu, a wurin wani ɗalibi mai suna Bulus da ya kama haya a ɗakin ƙofar gidanmu. Yana da wani kaset da yake sakawa in Baba ya tafi ofis, ni kuma in laɓe a bakin taga, har wata rana ya ce in shigo. Bulus ya gama karatu ya koma garinsu, ya bar ni da ciwon.

Kar a ɗauka abin bai dame ni ba. Ya dame ni ƙwarai. Na saurari malaman da suka ce kiɗa haramun ne ɗungurungum, na saurari waɗanda suka sassauta, na rasa inda zan ajiye kaina. Duk shekara in azumi ya gabato sai in goge waƙoƙin kaf daga wayata, in yi istigfari, in ji na zama sabon mutum. Bayan Salla da 'yan kwanaki sai in tsinci yatsana yana lalubensu. Akwai lokutan da duniya ta yi mini zafi, kiɗan nan ya yi mini ihun da ba zan iya yi a gidan Baba ba, in ji ƙirjina ya saki, in tashi in yi alwala in yi salla da natsuwa. Ban san yadda zan yi wa malami wannan bayanin ba, don haka ban taɓa gwadawa ba. Na dai sayi abin sauraro na kunne. In na saka shi a shago ina gyaɗa kai a hankali, masu wucewa sukan ce, "Ustaz, ana shan karatu ke nan?" Ni kuma in ce, "Ai dole." (Allah ya yafe mini wannan "ai dole" ɗin, don na faɗe shi ya fi a ƙirga.)

Ana nan sai Rukayya, autarmu, malamar firamare, ta fito da miji. Haruna sunansa, ɗan unguwar Dogarawa, yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje a jami'a. Baba ya kira ni zaure. Shi Baba tsohon ma'aikacin ofis ne, shi ke jan salla in liman ya yi tafiya, kuma mutum ne da ko a rediyo aka sa waƙa tsakanin labarai sai ya rage murya.

"Mutanen yaron nan sun aiko suna son zuwa gaisuwa," in ji shi. "Kai ne babba, kai ke cuɗanya da samari. Ka bincika mini shi. Sallarshi, abokanshi, da abin da yake sha in yana sha."

Ba a taɓa ba ni aikin da ya dace da ni irin wannan ba. Ni mutum ne da in ka gaishe ni da fara'a fiye da kima, sai in wuni ina tunanin abin da kake nema. Kuma tun ranar da na fara ganin Haruna hankalina bai kwanta da shi ba. Ladabinsa ya yi yawa. Ga wani tabo zagayayye a tsakiyar leɓensa na sama, wanda ni a sanina ba shan kunu ke kawo shi ba. Ga yatsunsa uku na hannun dama da ba sa zama lafiya, yana hira da kai suna ta danne-danne a kan gwiwarsa, kamar mai aika saƙo ga wasu da ba a gani.

Na zagaya Dogarawa na yi tambaya. Limaminsu ya yabe shi, maƙwabta suka yabe shi, har wata tsohuwa ta ce shi ke kai ta asibiti in ƙafarta ta tashi. Wannan ya ƙara mini zargi, don ban yarda akwai saurayin da unguwa guda za ta rasa abin faɗa a kansa ba, sai dai in ya iya ɓoyo. (Ai ni na san yadda ake yi.) Can sai wani mai shayi ya ba ni abin da nake nema. Ya ce, "Yaron kirki ne. Duk Asabar bayan azahar za ka gan shi da baƙin akwatinshi ya nufi Muchia, can Sabon Gari." Ya buɗe baki zai ƙara bayani, na ɗaga masa hannu, don ba na son a dagula mini aiki da surutu.

Kafin in iso Samaru na gama haɗa labarin a kaina. Ko dai ƙwaya yake kai wa mashayan Sabon Gari, ko kuma ɗan ƙungiyar asiri ne irin ta ɗalibai, akwatin na kayan aikinsu ne.

Na tare Rukayya a tsakar gida tana guga. "Kin san abin da ke cikin akwatin saurayinki?"

Ta ajiye dutsen guga. "Yaya, ka tambaye shi mana, ai zai faɗa maka."

"Yaushe kika ga an tambayi mai laifi ya ce e?"

"Don Allah Yaya kar ka je ka ƙirƙiro mishi abin da babu. Na san halinka. Wallahi in maganan nan ta lalace ta dalilinka..." Ba ta ƙarasa ba, idonta ya kawo ruwa. Ni kuwa na ce a raina, soyayya ta rufe wa yarinya ido, Allah ya taimake ta tana da wa mai hangen nesa.

Ranar Asabar na rufe shago, na sa baƙin gilashi da takunkumin fuska, amma na bar hulata a kai, don ban ga dalilin da bincike zai zubar mini da mutunci ba. Na ɗauki shatar keke napep muka laɓe a bakin layin su Haruna. Ba a jima ba sai ga mutumin, riƙe da baƙin akwati, yana tafe yana gaishe da mutane kamar na Allah. Ya hau keke, muka bi bayansa har cikin Muchia.

Layin da ya sauka a cike yake maƙil. An kakkafa rumfuna, an jera kujeru, mata na ta juya manyan tukwane. Kusan kowa ya sha anko, atamfa iri ɗaya mai hoton wani dattijo a jiki. A gefe ga wata doguwar farar mota an yi mata ado da furanni da ƙyallaye. Na ce a raina, biki ne, wannan motar amarya ce, dattijon jikin atamfa kuwa uban amarya ne mai son a san da zamansa. Wataƙila kai mai karatu ka riga ka gane abin da ke faruwa. Ni ban gane ba.

Haruna ya shiga wani gida, ya fito sanye da farar kwat mai jan zare da ruwan gwal a kafaɗa. Ashe aure zai yi a ɓoye! Har na fara tsara yadda zan faɗa wa Baba, sai ga wasu samari da magidanta sun biyo shi da irin kwat ɗin. Suka durƙusa suka buɗe akwatunansu. Na miƙa wuya ina jiran ganin bindiga ko ƙoƙon kan mutum, sai na ga Haruna ya zaro ƙahon tagulla mai mabuɗai uku, irin na 'yan badujala, ya goge shi da hankici, ya ɗora a daidai tabon nan na leɓensa. Yatsun nan uku suka hau mabuɗan suka zauna daram.

Mai hankali a nan zai ji kunya ya koma gida. Ni murna na yi. Na ce, to, ba ɗan ƙwaya ba ne, amma mabushi ne, kuma Baba ba zai ba mabushi 'yarsa ba. Na zaro waya don in ɗauki shaida. Cikin masu kwat ɗin na gane wani tela Musulmi da ke ɗinki a kasuwar Sabon Gari, da wani Bayarabe bakanike, da wasu samarin coci. Wannan cakuɗar ma na sa ta cikin abubuwan zargi, ban dai yanke ko na mene ne ba.

Sai na lura wasu sun fara kallona, mutum da gilashi da takunkumi ba anko. Na ga gara in saje da jama'a. A tsakiyar babbar rumfa akwai wata dattijuwa a zaune, kowa na zuwa yana durƙusa mata. Na ce wannan ce uwar amarya. Na je na durƙusa da ladabi na ce, "Mama, Allah ya sanya alheri. Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo ƙazantar ɗaki."

Ta dube ni ta ƙasan tabarau. "Ɗana, daga ina?"

"Daga ɓangaren ango, Mama."

Matar da ke kusa da ita ta ce, "Wane ango?"

Allah ya taimake ni a daidai lokacin aka buga babbar ganga, kowa ya miƙe, na sulale cikin taro. Aka ɗauki hanya. 'Yan badujala a gaba, farar mota a bayansu tana tafiya a hankali, jama'a na biye. Da farko waƙoƙin coci suke busawa masu sanyi, daga baya suka juya zuwa masu zafi, mata na rangaji suna kaɗa hankici. Ni ina gefe, waya a sama, ina ɗaukar Haruna ina cewa a raina, yau ƙaryarka ta ƙare.

Da muka iso wata mararraba sai suka tsaya cak. Mai babbar ganga ya yi wani duka, ya ɗan dakata, ya sake. Na san dukan nan. Haruna ya tako gaba shi kaɗai, ya ɗaga ƙaho sama, ya saki busa. Waƙar kaset ɗin Bulus ce. Ita ce ta farko da na fara ji ta taga, wadda na fi gogewa kuma na fi dawo da ita. Inda jita ke kuka a cikinta, nan ƙahon Haruna yake bi tiryan-tiryan, sauran ƙahoni na amsa masa, ganguna na dukan titi. Tun da nake ban taɓa jin ta a fili ba, kullum a cikin kunne, a ɓoye, murya ƙasa-ƙasa.

Na rantse na yi ƙoƙari. Na fara da gyaɗa kai irin na shago. Daga nan wuyana ya ƙwace. Ban san lokacin da na sa waya a aljihu ba, ban san lokacin da na shiga tsakiyar titi ba. Hula ta yi nata wuri, gilashi ya bi ta, takunkumi ya koma haɓa. Na ware ƙafafu, na sunkuya, hannun hagu ya miƙe yana danna jitar da babu ita, na dama yana kaɗa ta a kan cibiyata, kai na sama da ƙasa, gemu na share iska. Da aka zo inda mawaƙin ke kurma ihu, na buɗe maƙogwaro na kurma shi da dukan abin da na tara tun ina sakandare.

Idona a rufe yake, shi ya sa ban san an daina kiɗa ba. An ce na ɗan jima ina yi ni kaɗai.

"Wetin dey do this man?" na ji wani yana tambaya da Turancin buroka, wai me ke damuna.

"Iska ne! Iskokai sun hau shi!"

"Ku riƙe shi kar ya fasa kai da motan!"

Kafin in buɗe ido ƙarti sun rirriƙe ni, sun zaunar da ni a kan kwalta. Wata ƙatuwar mata cikin matan coci ta dafa tsakiyar kaina da tafinta tana cewa, "Cikin sunan Yesu, ka sake shi!" Wani mai keke napep, dattijo mai farin gemu, ya tsallako daga kekensa ya kama kunnena na dama yana karanta Ayatul Kursiyyu yana tofawa. Wani ya fasa ledar ruwa a fuskata, wani ya ƙara. Ban taɓa ganin Musulmi da Kirista sun haɗa kai da sauri a kan abu guda irin ranar ba, kuma abin takaici ni ne abin.

"Lafiyata ƙalau! Ku sake ni!"

"Haka suke cewa," in ji mai keke. Ya ƙara matse kunnena. "Kai wane ne? Faɗi sunanka!"

"Baba, ba aljani ba ne! Rok ne!"

"Kun ji!" matar ta daka tsawa. "Ya faɗi sunanshi! Rok! Rok, fita daga jikin bawan Allahn nan!"

"Rok, Musulmi ne kai ko arne?" in ji mai keke.

"Na Turawa ne!"

Ya girgiza kai ya dubi jama'a. "Aljanin Turawa ne. Shi ya sa yake da taurin kai."

A cikin wannan kokawar aka juya fuskata wajen farar mota, na hango ta gilashin baya. Akwatin gawa ne, an ɗora masa furanni da hular 'yan badujala. Sai a lokacin na karanta rubutun da ke ƙarƙashin hoton jikin atamfa. A wurinmu ana kai mamaci ne shiru, da sauri, ba anko ba tukwane. Ina zan san in dattijo ya cika da kyau a wurinsu har rawa ake yi a raka shi? Jikina ya mutu murus, su kuma suka ce alhamdulillahi, ya fara fita.

Sai ga Haruna ya ratso taron da ƙaho a hannu. Ya dube ni, na dube shi. "Yaya?" Ya juya ga mutane. "Don Allah ku sake shi, na san shi. Wan yarinyan da zan aura ne."

Dattijuwar nan ta rumfa, wadda na ji suna kira Mama Rifkatu, matar mamacin, ta matso tana dogara sanda. "Wannan ne ya yi mini addu'ar haihuwa ɗazu," in ji ta. "Allah sarki. Ashe ba shi da lafiya."

Haruna ya ja ni gefe ya zaunar da ni a bencin wani shago. A gurguje ya faɗa mini cewa mamacin, Baba Ayuba, tsohon ɗan badujalar 'yan sanda ne. Da ya yi ritaya ya tara samarin unguwa ya koya musu busa, bai taɓa tambayar kowa inda yake ibada ba. Suna busa a biki da suna, da faretin 'yan makaranta, da Kirsimeti, da zagayen Mauludi. Waƙar kuwa tun yana saurayi yake son ta, shi ya bar wasiyya a busa masa ita a hanya.

"Yaya, ashe kai ma ka san waƙan?"

"Wace waƙa?" na ce, ruwa na ɗiga daga gemuna.

Ya sunkuyar da kai, na ga kafaɗarsa na rawa. "Ba wanda zai ji daga bakina," in ji shi, ya koma cikin sahu.

Da na koma gida na ce wa Umma mota ce ta fantsama mini ruwa. Na ce wa Baba na gama bincike, yaro ba shi da aibu. Ban ambaci ƙaho ba, don wanda ya riƙe maka sirri ba ka tona nasa. Na ɗauka magana ta mutu a Muchia. Na manta cewa yadda dangin mace ke bincike, haka dangin namiji ma suke yi.

Ranar gaisuwa, Alhaji Isiyaku, ƙanin mahaifin Haruna, ya zo da wasu dattawa biyu. Aka shimfiɗa darduma a zaure, aka kawo ruwa da goro. Ni ina gefen Baba da sabuwar hula. Na san Umma da Rukayya suna bayan ƙofa, don ina ganin inuwar ƙafafunsu. Bayan an gaisa an yi addu'a, Alhaji ya yi gyaran murya.

"Malam, yadda kuka bincika namu, mu ma mun bincika naku, haka aka saba. Yarinya kam sai hamdala. Sai dai akwai 'yar magana, a yi mana haƙuri. Laruran da ke taso ma wanta..." ya ɗan saci kallona, "ta gado ce, ko gamo ya yi?"

Baba ya ce, "Wace larura?"

"Maƙwabcina ne mai keken da ya yi mishi tofi da bakinshi a Muchia. An ce har sunan aljanin an samu. Wai Rok. Mun tambayi Haruna, ya ce ba ciwo ba ne, amma ya ƙi faɗan ko mene ne. To, in abin na jini ne, mahaifiyarshi ta ce a ɗan dakata tukuna."

Kowa ya san ma'anar "a ɗan dakata" a maganar aure. A bayan ƙofa na ji wani ɗan sauti, irin na wanda ya toshe bakinsa da mayafi. Rukayya ce. Baba ya juyo gaba ɗaya yana kallona, da tsoro a fuskarsa, tsoron uba da aka ce ɗansa ba shi da lafiya bai sani ba.

Ba zan ɓoye ba, na ɗan yi tunanin in karɓi aljanin. Mai aljani ana tausaya masa, ana kawo masa rubutu da turare, ba ya rasa sunan Ustaz. In na ce gamo na yi, wataƙila su yarda, wataƙila kuma uwar Haruna ta ce ba ta gamsu ba, shi ke nan an gama da ƙanwata. Na sake jin sautin nan a bayan ƙofa.

"Baba, ba aljani ba ne," na ce, idona a kan darduma. "Kiɗa ne. Rok sunan kiɗan. Abin da suka gani rawarsa ce."

Alhaji ya ce, "Haba ɗana, kar kunya ta sa ka ɓoye ciwo. Wace irin rawa ce mutum zai yi ta tunkuyin iska kamar rago?"

Baba ya miƙo hannu wajen aljihuna, inda wayata take. "Kunna mana mu ji."

Na kunna. Jita ta yi kururuwa a zauren da ko waƙar rediyo ba ta taɓa samun izinin shiga ba. Ɗaya daga cikin dattawan ya ajiye goron da ya kai baki.

"Rawar fa?" in ji Baba.

"Baba..."

"Ai su suka gani, ni ban gani ba. Yi."

Jama'a, na yi. A zaune, a kan darduma, gaban ubana da surukan ƙanwata, na sunkuya na wurga kai sama da ƙasa. Sabuwar hular ta tashi ta faɗa cikin farantin goro. Alhaji ya ɗan ja baya, leɓunansa na motsi. Da na kashe wayar ba abin da ake ji sai hakina.

"To, shi ne," in ji Alhaji a hankali. "Haka aka kwatanta mini. Amma wanda yake tashi in an danna waya, ya kwanta in an kashe, ba na jin na jini ne." Ɗaya dattijon ya kasa daurewa ya tuntsire, sauran suka bi shi, ban da Baba.

"Wannan shi ne karatun da kake sha a shago?"

"Shi ne, Baba."

Ya tambaye ni abin da ya kai ni Muchia tun farko. Na ga tunda tawa ta fashe, bari in ja Haruna mu faɗa tare, na ce ai shi ma busa yake yi. Baba ko gezau. "Na sani. Ranar da ya fara zuwa gaishe ni ya faɗa mini da bakinshi. Na ce mishi ba na so, ya ce zai yi tunani, na ce ni ma zan yi. Shi na san faɗan da ke tsakanina da shi." Ya ɗauko hulata daga farantin goro ya miƙo mini. "Kai ne ban san ina da faɗa da kai ba."

Wannan maganar ta fi ruwan ledar Muchia sanyi a jikina. A zaman aka sa rana.

An yi biki lafiya. Baba ya yarda 'yan badujala su raka amarya, da sharaɗin su fara daga ƙarshen layi, kuma da an kira salla su ajiye ƙaho. Rukayya ma ta kafa nata sharaɗin, wai kar a kuskura a busa waccan waƙar matuƙar ina wurin. Ɗalibai suka samu labari, yanzu Ustaz Rok suke ce mini, wasu ma sun yar da Ustaz ɗin. Faɗana da Baba kuwa har yau ba mu gama shi ba, amma aƙalla yanzu a fili muke yi, yana kawo hujja ina sosa ƙeya.

Mama Rifkatu ta zo bikin da matan cocinsu. Tana ganina ta kama hannuna biyu. "Ɗana, yaya jiki? Rok bai sake dawowa ba ko?"

"Yana leƙowa jefi-jefi, Mama."

"Kar ka damu, muna nan muna maka addu'a. Zai fita gaba ɗaya."

Baba yana tsaye a bayana. Duk cikin taron ba wanda ya kai shi ɗaga murya wajen cewa amin.

Abin da na koya ba shi da yawa. In ka ga anko, ka tsaya ka karanta rubutun jikinsa kafin ka yi wa kowa addu'ar haihuwa. In kuma aka aike ka buɗe akwatin wani, ka tuna naka yana aljihunka, kuma shi ko makulli ba shi da shi.